Sashen karatu na LearnEnglish Teens: darussan sun yi, amma agogo sai ɗalibi ya zo da nasa

Yawancin ɗaliban sakandare da ke shirin jarrabawar Turanci sun fi fargabar nahawu da insha'i, alhali sau da yawa a ɓangaren auna fahimta maki ke zubewa ba a ankara ba. Wanda bai iya nahawu ba ya san bai iya ba. Shi kuwa wanda ya karanta matani ya tsinci rabin ma'anarsa, fitowa yake yi daga zauren jarrabawa yana ganin ya gama da ita, sai sakamako ya fito ya rasa inda aka haihu a ragaya. Don haka duk wani kayan atisaye na karatu, abu biyu ake nema a wurinsa: ya ba ɗalibi rubutu daidai ƙarfinsa, kuma ya nuna masa inda fahimtarsa ta karkace. Da wannan ma'auni za a duba sashen karatu na shafin LearnEnglish Teens.

Shafin na British Council ne, hukumar Birtaniya da aka kafa a 1934 don hulɗar ilimi da al'adu da sauran ƙasashe, kuma an yi shi ne domin matasa 'yan shekara 13 zuwa 17 masu koyon Turanci. Kyauta ne, ba sai an yi rajista ba kafin a karanta ko a amsa tambayoyi. An raba darussan karatun bisa ma'aunin ƙwarewar harshe na CEFR da aka fitar a Turai a 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2. Shafin ya ɗauki biyar na farko, ya tsaya a C1. A matakan A1 da A2 rubutun yau da kullum ne: sanarwa, gajeren saƙo, jadawali, wasiƙar imel. A B1 ana samun tallan neman ma'aikata, jagorar matafiya da shawarwarin karatu. Daga B2 ake shiga maƙala irin ta mujalla, wadda marubuci ke auna ra'ayi biyu, misali amfanin gidan namun daji da illarsa, ko tarihin zane a bangon titi. A C1 akwai batutuwa kamar labaran ƙarya, mutum-mutumi masu aiki da na'ura da yadda ƙwaƙwalwar matashi take aiki.

Tsarin kowane darasi kusan ɗaya ne. Da farko akwai ɗan aikin share fage, galibi haɗa kalma da ma'anarta. Sai matanin. Sai tambayoyi, yawanci kashi biyu, daga cikin gaskiya ko ƙarya, canki-canka, cike gurbi, haɗa abu da abokinsa, ko jera abubuwa rukuni-rukuni. Da an gama, shafin zai faɗi makin da aka ci, ya kuma nuna amsoshin da suke daidai. A ƙasa akwai takardun PDF na matanin da tambayoyin da amsoshin, waɗanda za a iya saukewa a buga.

Inda ya ciri tuta

Babbar fa'idar shafin ita ce rabon matakan nan, kuma ta fi yadda ake zato muhimmanci. Binciken da Marcella Hu da Paul Nation suka wallafa a 2000 ya nuna cewa mai koyon harshe yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi sosai ba tare da taimako ba. Wata mai bincike, Batia Laufer, a 1989, ta ambaci kashi 95 a matsayin mafi ƙarancin abin da zai wadatar. A lissafi mai sauƙi, kashi 98 na nufin baƙuwar kalma ɗaya cikin 50, kashi 95 kuma ɗaya cikin 20. A matani mai kalma 500, baƙi 10 ke nan a na farko, 25 a na biyu. Idan suka kai 50, wato kashi 90, ɗalibi ya daina karatu ya koma lalube a duhu. Kuma kintatar ma'ana daga kalmomin da ke kewaye, wadda ake yawan ba ɗalibai shawara a kai, ba ta yiwuwa idan su ma na kewayen baƙi ne.

A nan ne takardun jarrabawar baya suke gazawa ga ɗalibi mai rauni. An rubuta su ne a matakin da ake so ya kai, ba matakin da yake ba. Idan aka fara shi da su tun ranar farko, zai yi wata uku yana cin maki 4 cikin 10, abin da zai koya kawai shi ne cewa Turanci ya fi ƙarfinsa. LearnEnglish Teens yana ba shi tsani. Hanyar gano matakalar da zai fara takawa kuwa ba ta da wuya: ya buɗe darasi ɗaya a B1, ya ƙirga kalma 100 daga tsakiyar matanin, ya ja layi a ƙarƙashin duk wadda bai sani ba, ban da sunayen mutane da wurare. Idan biyu ne ko ƙasa, ya hau B2. Idan uku zuwa biyar ne, nan ne wurin aikinsa. Idan sun wuce biyar, ya sauka A2 ba tare da jin kunya ba, domin mako uku a ƙasa sun fi wata uku na wahalar banza a sama. Wannan gwajin dole ɗalibi ya yi wa kansa a kai a kai, don shafin ba ya ɗaga mutum ko sauke shi da kansa bisa makin da ya ci.

Abu na biyu shi ne ingancin tambayoyin gaskiya ko ƙarya da na canki-canka, musamman daga B2 zuwa sama. Tambaya marar kyau ita ce wadda za a amsa ta hanyar farautar kalma: a ga kalma a tambaya, a nemo ta a matani, a kwafe abin da ke gefenta. Tambayoyin nan galibi suna sake faɗin maganar da wasu kalmomi, don haka sai an fahimta kafin a ci. Ga misalin irin tarkon, da jimlar da aka ƙirƙira domin wannan bayani: "Few of the villagers opposed the new road, although most doubted it would be finished on time." Sai a ce: gaskiya ko ƙarya, "Most villagers were against the road." Mai farautar kalma zai ga "most" a matani, ya ga "opposed" ta yi daidai da "against", ya ce gaskiya. Ya faɗi. "Few" ba tare da "a" a gabanta ba tana nufin kusan babu, kuma "most" ɗin tana tare da masu shakkar a gama aikin a kan lokaci, ba masu adawa da hanyar ba. Duk jarrabawar kirki da irin wannan ƙugiya take kama ɗalibai, kuma gara mutum ya faɗa mata sau goma a gida da sau ɗaya a zaure.

Takardun PDF ɗin su ma abin yabo ne, kuma ni a ganina su ne ainihin hanyar amfani da shafin. A waya, matani yana sama tambayoyi suna ƙasa, ɗalibi yana ta ja sama da ƙasa da yatsa har ya gaji ya fara amsawa da abin da ya tuna. Amsa da tuni kuwa ita ce uwar kurakurai a auna fahimta. A takarda, ido yana iya komawa sakin layi na uku cikin daƙiƙa ɗaya, biro yana iya ja layi.

Inda ya gaza ɗalibin jarrabawa

Babu agogo. Wannan ba laifi ba ne ga shafin koyon harshe, amma babban gibi ne ga mai shirin jarrabawa, domin rabin wahalar auna fahimta lokaci ne. A duba alƙaluma. Takardar karatu ta IELTS, jarrabawar Turanci ta ƙasa da ƙasa, ta masu neman shiga jami'a tana da matani uku, kalmomi tsakanin 2,150 zuwa 2,750, tambaya 40, cikin minti 60. Takardar karatu da amfani da harshe ta jarrabawar Turanci ta B2 First ta Cambridge tana da sassa 7, tambaya 52, cikin minti 75, wato abin da bai kai minti ɗaya da rabi ba ga kowace tambaya, har da lokacin karatun. Ta B1 Preliminary kuwa tambaya 32 ce cikin minti 45. Yanzu a ɗauki ɗalibin da ke karanta kalma 100 a minti. Kalma 2,750 za su ci masa kusan minti 28 a karatu ɗaya tak, ya rage da minti 32 na tambaya 40, ƙasa da daƙiƙa 50 kowace, kuma kowace tana buƙatar ya koma matani. Wanda ke karanta 200 a minti zai gama karatun cikin minti 14. Bambancin maki tsakanin su biyun ba lallai ne ya zama na fahimta ba. Don kwatanci, nazarin da Marc Brysbaert ya fitar a 2019 ya kiyasta cewa babban mutum mai karatun Turanci a zuci yana yin kusan kalma 238 a minti a rubutun da ba ƙagaggen labari ba. Ba a ce ɗan sakandare mai koyon harshen ya kai nan ba, amma ya kamata ya san saurinsa, kuma shafin ba zai gaya masa ba.

Gibi na biyu ya fi na farko ciwo: shafin yana cewa ka ci ko ka faɗi, ya nuna amsar, amma ba ya bayyana dalili. Ɗalibi zai ga cewa amsar ita ce ta uku ba ta biyu ba, ya gyaɗa kai, ya wuce. Gobe ya sake faɗawa ramin, don bai san sunan ramin ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ana iya sake gwada tambayoyin. A gaskiya ko ƙarya, wanda ya faɗi uku cikin takwas, juya ukun nan kawai zai yi ya ci takwas cif, ya tashi da farin ciki alhali an yi ba a yi ba. Haka a cike gurbi da kalmomin da aka tanada: gurbin ƙarshe kyauta ne, tunda kalma ɗaya ta rage. Makin gwajin farko kaɗai ke da ma'ana, shi ya kamata a rubuta a ajiye.

Akwai kuma wani abu da ya zama alheri a farkon shiri, ya koma cikas a ƙarshensa, wato aikin share fagen nan. Yana koyar da kalmomi masu wuya na matanin kafin a karanta shi, wanda dabarar koyarwa ce mai kyau. Amma a zauren jarrabawa babu mai miƙo wa ɗalibi kalmomin da za su ba shi wahala tare da ma'anarsu. Wanda ya saba da wannan sandar dogarawa, makinsa a shafin zai fi ƙarfinsa na gaskiya. Maganin shi ne, idan saura mako shida ko makamancin haka, a riƙa tsallake shi, a karanta, a amsa, sannan a dawo a yi shi a matsayin bitar kalmomi.

Sannan kusan duk tambayoyin na zaɓi ne ko na kalma ɗaya. Jarrabawar kammala sakandare da dama suna neman ɗalibi ya rubuta amsa da kalmominsa, ya taƙaita sakin layi cikin jimloli ƙayyadaddu, ya kawo kalmar da za ta maye gurbin wata a inda aka yi amfani da ita, ko ya faɗi abin da marubuci yake nufi da wani salon magana. Gane amsa daidai a cikin zaɓi daban, ƙera ta da hannu daban. Matanonin su ma gajeru ne idan aka kwatanta da zaman awa guda a kan takarda, kuma sun fi karkata ga maƙala da rubutun harkokin yau da kullum. Wanda jarrabawarsa ke kawo gutsuren adabi, sai ya leƙa sashen gajerun labarai na shafin, ko ya nemi wani wurin. Darussan kowane mataki ma ba su da yawa. Ɗalibi mai himma da ke yin ɗaya kullum zai ƙare na matakinsa kafin wata ya zagayo.

Turancin shafin na Birtaniya ne, a rubutun kalmomi da kuma rayuwar da ake bayyanawa. Ba matsala ba ce, sai dai wanda zai zauna jarrabawar Amurka ya sani.

Akwai sashen shawarwarin jarrabawa a shafin, mai bayanin nau'o'in tambayoyin karatu da yadda ake tunkarar kowanne. Ya cancanci a karanta shi sau ɗaya, amma nasiha ce, ba ya maye gurbin atisaye. Wanda yake son shafin da zai riƙa daidaita masa wahalar matani da kansa, ya kuma yi bayanin dalilin da ya sa amsa ta zama kuskure, wani shafi mai suna ReadTheory yana yin waɗannan biyun: yana farawa da gwajin tantance mataki, kuma sai an buɗe asusu. Sai dai an tsara shi bisa azuzuwan makarantun Amurka, don masu Turanci a matsayin harshen gida, kuma shi ma canki-canka ya fi yawa a cikinsa.

Yadda za a cike gibin

Duk abin da shafin ya rasa, ban da tsawon matani, ɗalibi zai iya kawo shi da agogo, biro da littafin rubutu guda. Zama ɗaya na minti 40 ya isa, sau huɗu ko biyar a mako. A fara da karanta matanin sau ɗaya daga farko har ƙarshe, ba ƙamus, ba tsayawa, agogo yana tafiya. A raba yawan kalmomi da mintunan da aka ɗauka, a rubuta sakamakon. Ba sai an ƙirga kalmomin ɗaya bayan ɗaya ba: a ƙirga na layi uku, a fitar da matsakaici, a ninka da yawan layuka. Kafin a kalli tambaya ko ɗaya, a rubuta kalma uku zuwa biyar a gefen kowane sakin layi, masu faɗin aikin da yake yi: nan ya kawo matsala, nan ya ba da misali, nan ya kawo ra'ayin masu adawa, nan ya faɗi nasa. Wannan ɗan taswira shi ke hana a yi ta sake karanta matani gaba ɗaya saboda tambaya guda.

Sai tambayoyi, a ba kowace minti ɗaya da rabi. Doka ɗaya ce ba a karya ta: babu amsar da za a rubuta sai an ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta tabbatar da ita, an kuma sa lambar tambayar a gefe. Idan aka rasa jimlar da za a ja wa layi, to amsar daga kan ɗalibi ta fito, ba daga matani ba. Wannan yakan faru musamman idan batun sananne ne. Wanda ya san abubuwa da yawa a kan wasannin bidiyo ya fi kowa haɗarin amsa abin da ya sani maimakon abin da marubucin ya ce.

Minti 15 na ƙarshe su ne ainihin darasin, kuma su ne aka fi tsallakewa. Kowace tambaya da aka faɗi, a rubuta ta a littafi tare da dalilinta. Dalilan ba su cika wuce kaɗan ba, kuma kowanne da maganinsa. Wani lokaci kalma ce ba a sani ba. Sai a rubuta ta cikin jimlar da ta zo, ba ita kaɗai ba. Wani lokaci ƙaramar kalma ce mai juya magana ido ya tsallake, irin su "hardly", "unless", "used to", "whereas". Wani lokaci matani ya ce "may" ko "often" ko "tend to", zaɓin da aka ɗauka kuma ya ce "always" ko "all", wato ya ƙara wa miya gishirin da marubuci bai zuba ba. Wani lokaci kuma wakilin suna ne aka jingina wa wanda ba shi ba. A duba waɗannan biyun: "The committee rejected the plan because it was too expensive" da "The committee rejected the plan because it was short of money." A ta farko "it" tana nufin shirin, a ta biyu tana nufin kwamitin, kuma babu wata dokar nahawu da za ta raba gardamar sai ma'ana. Bayan darasi goma, ɗalibi ya ƙirga. Idan bakwai cikin kurakurai goma sha biyu na ƙananan kalmomin nan ne, ya gano cutarsa, kuma haddar sababbin kalmomi ba za ta warkar da ita ba. Abin da yake buƙata shi ne ya riƙa zagaye irin waɗannan kalmomi da biro yayin karatu har idonsa ya saba tsayawa a kansu.

Gibin amsa da hannu kuma ana toshe shi da minti biyar: a rufe matanin, a taƙaita shi cikin jimla uku na Turanci, a buɗe a gwada. Duk inda kalma huɗu a jere suka fito kamar yadda suke a matani, kwafe ne, a sake. Tambayar tattaunawa da ke ƙarshen darasi ma ana iya amsa ta a littafi da sakin layi guda. Malami ko wani da ya fi ɗalibin Turanci ya duba waɗannan ko da sau ɗaya a mako, domin nan ne kaɗai inda mutum ba zai iya yi wa kansa maki ba.

To wa shafin ya dace da shi? Ya fi dacewa da ɗalibin da ke da wata uku zuwa shida a gabansa, wanda takardun jarrabawar baya suka fi ƙarfinsa a yanzu, da malamin da ke da aji mai ƙarfi daban-daban yana neman matani uku a matakai uku ba tare da ya rubuta su da kansa ba. Ga waɗannan ina ba da shawararsa ba tare da jinkiri ba. Ɗalibin da ke cin 8 cikin 10 a gwajin farko a C1 ya wuce wurin, ya koma dogayen maƙaloli da takardun jarrabawarsa. Wanda kuma saura masa mako biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacinsa ya fi amfani a kan takardun shekarun baya na ainihin jarrabawar da zai zauna, da cikakken lokacinta, a zama ɗaya. Ko wanda ya fara da wuri, ya ajiye wata na ƙarshe don waɗannan takardun, ya tafi da littafin kurakuransa, ya ci gaba da ja layi a ƙarƙashin hujjar kowace amsa.